Sunan da Rijiya Take Kira

A gidanmu na unguwar Awendjé, sa'ad da nake yarinya, komai da lokacinsa. Ana kiran magariba a rufe ƙofar gida. A yi salla. A ci abinci, manya a tire ɗaya, yara a tire ɗaya. A wanke kwanuka a kife su. Sai an gama wannan duka Iya take jawo murhun gawayinta zuwa kusurwar baranda, inda feshin ruwan sama ba ya kaiwa, ta zauna a 'yar kujerarta, ta jera 'ya'yan itacen da ake kira atanga a gefen garwashi don su yi laushi. Wanda bai wanke hannu ba ba ya zama. Wanda ya zo da kuka sai ya koma ya ƙarasa kukansa tukuna.

Iya ce ta haifi babanmu. Daga wani ƙauye na ƙasar Kano ta taso tana da ƙuruciya, ta biyo mijinta ta Garwa, ta Duwala, har jirgin ruwa ya sauke su a Libreville, ba ta kuma sake ganin gida ba. Ta fi shekara arba'in a garin nan amma ba ta taɓa yarda da shi ba. Takan ce gari ne da wanki ba ya bushewa, gishiri kullum a jiƙe, mutum ya ajiye takalminsa kwana uku ya tarar ya tsiro gashi. Faransanci kalma uku ta iya, dukansu kuwa na korar yara ne.

Mu bakwai ne jikokinta a gidan, kowa da irin tsokanar da take masa. Ni tawa a kan fuska take.

"Ku matsa wa alƙali ya zauna," in ji ta, in na iso. "Hajara, ke dai da shekara arba'in aka haife ki. Yi dariya mu ga ko kina da haƙora."

Ba na yi. Sauran su yi a madadina.

In kowa ya natsu sai ta tura gawayi da tsinke ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa, ruwa ya yi mata duka."

Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo ta sha ɗumi."

Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne, na kura mai haɗama, na birin da ya je gaisuwar surukai ya manta wutsiyarsa a waje. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai ranar da aka ɗauke wuta, ruwa kuma yana dukan kwanon rufi har sai ka matso kafin ka ji na kusa da kai. Ba ma roƙonta. Ita ma ba ta sanarwa. Muna dai ganewa, don ranar ba ta tsokanar kowa.

Tatsuniyar rijiya ce. Mu da muka tashi tsakanin famfon unguwa da duron tarar ruwan sama ba mu san irin rijiyar da take nufi ba. Ta ce gaba ashirin ce, in ka jefa tsakuwa sai ka yi salati ka ƙare kafin ka ji ta taɓa ruwa.

Wai a wani gari an yi wata mata mai saƙar faifai, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Wata shekara da ruwa ya yi wuya, sai ga wata baƙuwa ta zo rijiyar bayan gari riƙe da hannun 'yarta. Ƙishi ya gigita ta, ta sunkuya za ta ja guga, igiya ta ja ta. Aka yi aka yi ba a samo ta ba. Yarinyar ta rage tsaye a bakin rijiya, ba wanda ya san garinsu, ita ma ba abin da ta iya faɗa sai sunanta. Mai faifai ta kama hannunta ta kai ta gida.

Ta yi mata komai. Ta yi mata kitso, ta ɗaura mata sabon zane, in tsokar nama ɗaya ce a miya, ta yarinya ce. Kuma da yake ta ɗauke ta 'yar fari, ta yi mata kunyar 'yar fari: ba ta kama sunanta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta yabonta a gaban mutane. In za ta kira ta sai ta ce "ke".

"Mace ce mai tarbiyya," in ji Iya. "Ba wanda ya taɓa samunta da kuskure."

Ana nan, shekara ta zagayo. Wani almuru yarinya tana tankaɗe, sai ta ji murya daga bayan gari.

A nan Iya takan daina kallonmu. Ta zuba wa garwashi ido, ta sassauta murya, ta ja sunan a hankali har sau uku.

"Hannatu... Hannatu... Hannatu."

Ba murya ce ta ban tsoro ba. Da gurnanin dodo ta yi, da mun yi ihu mun yi dariya ya wuce. Taushi gare ta, irin muryar da ake tashin marar lafiya da ita don ya sha kunu. Wannan ne yake tayar mana da tsikar jiki. Ƙaramarmu takan cusa kai a cinyata, ni kuma in zauna a miƙe don kada a ga ina rawar ɗari.

Ranar farko yarinya ta ajiye rariya ta tsaya a ƙofar ɗaki. Rana ta biyu ta kai tsakar gida. Ta uku ta kai zaure. Mai faifai ta lura, hankalinta ya tashi. Ta sa aka rufe rijiyar da itace. Ta karɓo rubutu. Ta tare ƙofa da turmi. Ta daina barci. Muryar ba ta fasa ba, yarinyar ma ba ta fasa ba, kowace rana taki kaɗan. Rana ta bakwai aka wayi gari turmi yana gefe, itacen bakin rijiya an jera shi waje ɗaya, ɗankwalin yarinya a ninke a kai. Tun daga ranar, wai, in almuru ya yi, mai faifai takan je ta zauna a bakin rijiyar ta leƙa. Ta buɗe baki ta rufe, ta buɗe ta rufe. Har ta tsufa ba a ji abin da take so ta ce ba.

"Iya, yarinyar ta mutu?" in ji ɗaya daga cikinmu.

"Ta tafi inda ake kiranta."

Sa'an nan ta tambaye mu, kamar kullum, me muka ɗauka. Wani ya ce kada a je rijiya da almuru. Wata ta ce kada ka amsa kiran da ba ka ga mai yinsa ba. Iya ta ce, "To. Haka ma ya yi."

Ni wata rana na ce, "Laifin yarinyar ne. An yi mata komai, ta tafi. Butulu ce."

Iya ta daɗe tana kallona. Sa'an nan ta ce, "Alƙali ya yanke." Ta zaɓi atangar da ta fi ƙonewa ta miƙo mini. "Baƙuwa ta ji ɗumi, ta kama hanya. Kowa ya nemi tabarmarsa."

Shekara da shekaru ba na iya wucewa ta gaban duron bayan gida da magariba sai da gudu. Iyakar abin da tatsuniyar ta yi mini ke nan a lokacin.

Iya ta rasu ina da shekara goma sha huɗu. Na tsaya a aji shida na lekol, wato makarantar boko, na koyi ɗinki, na samu shago a kasuwar Awendjé. Na yi aure, muka zauna shekara goma sha shida ba haihuwa, mijina ya rasu ya bar mini gida mai ɗaki uku a unguwar Sotega. Ɗaya nake kwana, biyu ina sharewa in rufe.

Wata Juma'a matar limaminmu ta same ni a shago. Ta ce akwai wani Malam Garba, mutumin Damagaram, direban motar katako, da ya rasu a hanya shekara biyu da suka wuce. Matarsa 'yar ƙasar nan ce, daga kudu, ita ma ta rasu a asibiti. Sun bar yarinya ɗaya mai shekara goma sha ɗaya. Dangin uba ba a san inda za a same su ba, dangin uwa ba wanda ya bayyana, an kai ta gidan marayu.

"Hajara, 'yar Musulmi tana can, ke kina nan kina share ɗakin da ba kowa. Ban ce komai ba. Na dai faɗa."

Na yi kwana uku ina tunani. Na huɗu na je ofishin kula da yara. Na cika takarda. Suka turo wata madam doguwa mai tabarau ta duba gidan; ta ƙirga gadaje, ta leƙa kicin, ta buɗe famfo ta ga ko yana kawo ruwa. Na je gidan marayun Asabar uku a jere. Bayan haka aka kira ni in sa hannu. Kafin ta ba ni biro madam ta ce, da Faransanci, "Ki sani wannan ba na wata biyu ba ne. Har ta girma ne, ko ta yi kyan hali ko ba ta yi ba."

Na ce na sani. Na ce a wurinmu riƙo ake ce masa, kuma ba a mayar da ɗan riƙo kamar tukunyar aro.

Ranar da aka kawo ta, madam ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ga Zainab." Na dube ta. Siririya, an yi mata wani kitso na gaggawa duk ya karkace, ta rungume jakarta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Na gan ta sau uku a baya, amma ganinta a cikin gidana daban ne. A wannan sa'a na san Allah ya ba ni ta fari. Kuma a wannan sa'a bakina ya rufe a kan sunanta.

Na ce, "Sannu da zuwa. Ga ɗakinki."

Ban zauna na shirya ba. Abin da jikina ya sani na yi. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan yayana ba, shi kuwa bai taɓa shakkar ita ce ta fi kowa sonsa ba. Saboda haka tsakanina da yarinyar "ke" nake cewa, a gaban mutane kuma "Babba". A zuciyata na ba ta kujerar da ba wadda ta fi ta a gidan.

Na tsara mata rayuwa yadda na iya. Asuba, wanka, shayi da burodi, lekol. In ta dawo, abinci, karatu, sa'an nan awa ɗaya a kan keken ɗinki. Hausarta da ta lalace bayan rasuwar ubanta na gyara ta. Kayan lekol ɗinta ba su taɓa fita gidana ba guga ba. Da fari Tanti take ce mini, kamar yadda yaran garin nan suke ce wa kowace mace. A shekara ta biyu, wata safiya, ta ce, "Inna, sukari ya ƙare." Na juya mata baya na ce na ji. Na daɗe a tsaye ina goge kofin da na riga na goge.

Da taifot ya kwantar da ita, kwana tara na yi a kan tabarma ƙarƙashin gadonta a asibiti. In tana barci ina riƙe da ƙafarta. Tana buɗe ido sai in saki, in dubi bango, in tambayi nas, "Ta sha maganin?" Ranar da ta zo ta ɗaya a aji, iyaye mata suna ta ihu suna rungume 'ya'yansu, wasu ma 'ya'yan nasu na goma suka zo. Ni ina kujerar baya. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Waccan 'yarki ce? Kai, kin yi sa'a." Na ce, "Yarinyar gidanmu ce," kamar yadda ya dace. Ban lura ta iso bayana da takardarta a hannu ba. Da muka koma gida na yanka kaza, na ce kazar ce ta tsufa.

A shekara ta uku madam ta sake zuwa da wata magana. Akwai 'yar shekara huɗu, Habiba, uwarta ta samu taɓin hankali, ba ranar warkewa. Na karɓe ta. 'Ya ta biyu ba a yi mata kunya, kowa ya sani. Na goya ta, na ba ta abinci a baki, na kira sunanta sau ashirin a rana. "Habiba, sauko. Habiba uwar rigima, wa ya taɓa mini ke?" Babba tana kan keke tana ɗinki, ba ta ɗaga kai.

Wata rana da la'asar ta tsayar da keken ta ce, "Inna, sunana yana da wuyar faɗa ne?"

Kunya ta kama ni har cikin kunne. Na zaci tsokana ce irin ta 'ya'yan fari da suka san matsayinsu, har wani daɗi na ji. Na ce, "Ke, kul! Yarinya ba ta tambayar wannan. Tashi ki duba tukunya."

Ta tashi ta duba tukunya. Ba ta sake tambaya ba. Bayan 'yan watanni na lura ta koma ce mini Tanti. Na ce ƙuruciya ce, za ta wuce.

Da ta shiga lise, wato babbar sakandare, na saya mata waya saboda karatu. Ta nan ƙanwar uwarta, wadda ke garin Port-Gentil, ta gano ta. Kullum gab da magariba wayar sai ta yi ƙara, kuma ta cikin bangon katako ina jin muryar matar tana rangaɗa sunan yadda uwarta take kiranta: "Zena! Zena 'yata!" Sai in ji Babba ta yi wata irin dariya da ban taɓa ji a gidana ba. Da fari a ɗakinta take amsawa. Daga baya ta koma baranda. Daga baya na riƙa ganinta a waje, gindin mangwaron bakin hanya, ta juya wa gida baya.

Na kafa doka: ana kiran magariba a kawo mini waya. Na sauya kwaɗon ƙofa. Na je wurin liman na karɓo addu'a. Na ƙara mata nama a kwano. Duk wanda ya ji wannan labari yanzu yakan ce, ashe ba ki ga kama ba? Wallahi ban gani ba. Ni a wurina tatsuniyar Iya ta yara ce masu taurin kai.

Ƙanwar uwar ta kai takarda ofis tana neman a ba ta 'yar yayarta. Babba ta cika sha shida, madam ta ce a wannan shekaru maganar yarinya ita ce kan gaba: in ta ce za ta zauna, ta zauna, in ta ce za ta tafi, ba mai riƙe ta. Aka sa mana ranar Talata.

Na je da jaka cike da takardu. Sakamakon lekol na shekara biyar a jere, katin asibiti, katin rigakafi, komai a kan tsari. Madam ta duba ɗaya bayan ɗaya ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya adana irin haka ba. Ƙanwar uwar tana zaune, mace mai jiki mai fara'a, ta riƙe hannun yarinyar tana shafawa. Madam ta juya ga Babba ta ce ta faɗi abin da ke ranta.

Da Faransanci ta yi magana, a natse, kamar ta daɗe da haddace shi.

"Ba ta taɓa dukana ba. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Ba ni da abin da zan ce ta yi mini. Amma shekara biyar ina gidanta ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Maƙwabcinmu yana da kare, shi ma yana da suna a bakin mai shi."

Madam ta cire tabarau ta dube ni. "Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

"Me ya sa?"

Na tattaro Faransancina na kasuwa na yi bayani. Na ce a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Na ce ba ƙi ba ne, girma ne. Na ce wanda aka yi wa haka shi ne aka fi ji da shi. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a gabanta, kuma bango nake kallo.

Babba ta juyo, ta yi mini Hausa, wadda ni na gyara mata. "Wa ya taɓa gaya mini?"

Ba wanda ya gaya mata. Ni ba zan iya ba, don faɗin ma yana cikin abin da ake jin kunyarsa.

Madam mace ce mai hankali. Ta ce, "To, na ji. Al'ada ce. Amma ga ta nan zaune. Ki kira ta yanzu, sau ɗaya."

Ƙofar ofis a buɗe take, wani akawu yana tsaye da fayil, ga baƙuwa, ga madam. Babba ta zare hannunta daga na ƙanwar uwarta. Na gani da idona, ta zare shi ta ɗora a cinyarta, ta zuba wa bakina ido. Sunan nan na kira shi sau dubu a shago, rabin masu kawo mini ɗinki shi gare su. Na buɗe baki. Fanka tana juyawa. Na ji uwata, na ji Iya, na ji duk matan da suka rene ni sun tsaya a maƙogwarona. Ta jira ni. Ba zan zalunce ta ba, ta jira ni fiye da yadda ya kamata.

Abin da ya fito shi ne, "Ke ma ai kin sani."

Ta sunkuyar da kai. Madam ta mayar da tabarau.

Ranar Asabar ita da ƙanwar uwarta suka bi jirgin ruwa. Na ɗinka mata kaya kala uku, na haɗa mata yaji da kuka da sabulu. A bakin ƙofa ta durƙusa ta ce, "Tanti, na gode." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Habiba ce ta bi motar da ta ɗauke su tana kuka.

Na yi wata huɗu ban gaya wa kowa yadda aka yi ba. In an tambaya in ce dangi sun karɓi abarsu. Babba takan kira ranar Lahadi bayan la'asar, a wayata, ta ce, "Ina wuni, Tanti. Habiba tana kusa?" In miƙa.

Sai na je unguwar Angondjé gaida Goggo Asabe, ƙanwar babanmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Iya. Idonta ya tafi, tana zaune wurin ɗanta. Ta ji muryata ta ce, "Alƙali, me ya same ki? Kin rame a murya." Na zauna a ƙasa na gaya mata duka, bi da bi. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta murza carbinta.

"Kina tuna tatsuniyar rijiya?"

Na ce ina tunawa.

"Wane suna ake kira?"

"Hannatu."

"Yayarmu ce."

Ta ce Iya ta haifi 'ya kafin babanmu. Da aka yaye ta aka ba uwar miji riƙo, kamar yadda ake yi da ta fari. Da tafiya ta taso, yarinyar tana da shekara bakwai, aka ce a bar ta, in an zauna a aiko a ɗauke ta. Ranar tafiya ta ƙwace daga hannun kakarta ta bi motar da gudu tana kiran Iya. Surukai suna tsaye, rabin gari yana kallo. Iya ba ta waiwaya ba. Shekara ba ta cika ba ƙyanda ta ɗauke yarinyar, wasiƙar kuma sai da ta yi wata takwas kafin ta iso.

"Ba ta taɓa kama sunan ba, ko tana raye ko bayan ta mutu," in ji Goggo. "Mu ma baba ne ya gaya mana da muka girma. Sai a tatsuniyar nan. Ba ki lura in ta fara babanku takalminsa yake ɗauka ya fita cikin ruwa ba?"

Ban lura ba. Ina can ina yanke hukunci.

A taksi, a hanyar dawowa, na yi ta juya abin. Shekara talatin da wani abu ina zaton Iya tana koya mana hankali ne. Ashe 'yarta take kira, sau uku, a gaban jikoki bakwai masu cin atanga, kuma sai da ta ara bakin matacciya kafin ta iya. Ba ta sa sunan a bakin mai faifai ba, don ita ce mai faifai, ta san ba zai fito ba. Ta kuma tambaye mu me muka ɗauka, kowane lokaci, ko Allah zai sa wani ya ce, da matar ta kira ta mana. Ba wanda ya ce.

Ban ce kunya mugun abu ba ce. Da ita aka rene ni. Amma na gane tana aiki ne a inda akwai masu fassara ta. Yayana yana da kaka, yana da goggo, yana da maƙwabciyar da za ta ja kunnensa ta ce, kai, don kai ne na fari. Shirun uwarmu gida guda ne yake yi masa bayani. Yarinyar da aka ɗauko daga gidan marayu, wadda uwarta take kiranta daga wannan bakin layi zuwa wancan, aka kawo ta gida mai ɗaki uku da mace ɗaya, ba ta da wanda zai gaya mata. Abin da ta ji shi ne shiru. Yara biyar na riƙe daga lokacin zuwa yau, wasu sun zo da goyo, wasu sun zo da ƙurajen balaga da fushi, kuma duk wanda ya shigo nakan gane abu ɗaya: yana kasa kunne ya ji ta wane ɓangare za a kira shi.

Lahadin da ta biyo bayan zuwana Angondjé na aiki Habiba maƙwabta. Na yi la'asar. Na zauna a bakin gado da waya a hannu. Da ta yi ƙara na ɗauka, ban jira gaisuwa ba, don na san in na jira ba zan iya ba.

Na ce, "Zainab."

Ina jin rediyo can bayanta, da wani yana sara itace.

"Wace ce?"

"Ni ce."

Na duba wayar ko layin ya yanke.

"Ban gane muryar ba," in ji ta. Sa'an nan, ƙasa-ƙasa, "Sake faɗa."

Na sake faɗa.

Ba ta dawo Sotega ba, kada in yi ƙarya. Tana can, tana koyon aikin jinya, ɗakinta na ba wata. Amma har yau, ranar Lahadi bayan la'asar, in na ɗauki wayar ba ta yin sallama, ba ta tambayar Habiba. Shiru take yi, tana numfashi a hankali, sai na kira ta tukuna.